Idan Farfaɗiya Ta Ƙi Jin Magani

A wannan wata za mu taɓo wata magana ce da ta daɗe tana yawo a bakin iyaye a zangunanmu, tun daga Gando da Sansanin Mango har Dapaong, har can Didaure a Sokode, watau maganar nan ta "mun gwada na asibiti bai yi ba." Ana faɗinta a kan cututtuka da dama, amma babu inda ta fi yin ɓarna kamar a kan farfaɗiya, domin da zarar an furta ta to an rufe ƙofa ke nan: a daina sayen ƙwaya, a cire yaro daga makaranta, a ware masa kwanon cin abincinsa, sannan a shiga yawon neman taimako daga wannan ƙauye zuwa wancan har abin hannu ya ƙare. Abin da muke so mu duba shi ne, yaushe ne ya dace a ce farfaɗiya ta ƙi jin magani, kuma in har ta tabbata ta ƙi, me ya rage a yi.

Da farko mu san cewa cutar ba baƙuwa ba ce a arewacin Togo, an kuwa ƙidaya ta gida-gida. Farfesa Grunitzky na Lome da Farfesa Dumas na Limoj a ƙasar Faransa sun jagoranci wani bincike a yankin Kozah, watau kewayen Kara, wanda aka buga a 1989, inda aka sami kusan mutum 17 cikin kowane 1,000 suna da farfaɗiya. A shekara ta 2000 kuma aka buga na yankin Tone, wanda Dapaong ce babban garinsa, bayan an duba fiye da mutum 9,000, aka sami kusan 19 cikin 1,000. Mu malaman makaranta ba mu rabuwa da lissafi, saboda haka bari mu sauko da shi ƙasa: unguwar da ke da mutum 500 ba za ta rasa masu wannan lalura takwas ko tara ba. In mai karatu ya ƙirga na unguwarsu bai sami ko uku ba, to sauran suna nan, an ɓoye su ne a cikin gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu za su iya zama lafiya lau ba tare da faɗuwa ba, muddin an gane cutar daidai an kuma ba su maganin da ya dace. Kada wani ya ce ai wannan zancen ƙasashen Turawa ne. An gwada a nan kusa da mu, a ƙasar Batamariba wajen Nadoba, inda Farfesa Balogou da abokan aikinsa suka bi masu cutar da magani har tsawon shekara biyu, galibi da fenobarbital, ƙwayar nan da muka fi sani da suna Gardénal, kuma a rahoton da suka fitar a 2007 akasarin majinyatan sun daina faɗuwa. Ƙwaya ce tsohuwa, tun 1912 wani likita Bajamushe mai suna Hauptmann ya gano amfaninta a kan farfaɗiya, kuma har yau tana cikin mafi araha. Abin da ya sa ta yi aiki a Nadoba shi ne ba a bari ta yanke ba, kuma akwai masu bin sawun majinyata.

To sauran kashi 30 ɗin fa? Su ne ainihin waɗanda likitoci ke cewa farfaɗiyarsu ba ta jin magani, kuma ba da ka ake faɗin haka ba. A shekara ta 2000 wasu likitoci biyu a birnin Gilasgo na Sikotilan, Kwan da Brodie, sun fitar da sakamakon bin majinyata 525. Cikin waɗanda ba su taɓa shan magani ba, kashi 47 cikin 100 sun daina faɗuwa da ƙwayar farko, wasu kashi 13 kuma sai da aka canza musu zuwa ta biyu, daga nan kuwa nasarar ta ragu ainun. A kan irin wannan ne ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta tsayar da ƙa'ida a 2010, cewa ba za a kira farfaɗiya mai ƙin magani ba sai an gwada magunguna iri biyu, waɗanda suka dace da irin farfaɗiyar mutumin, aka sha su da cikakken awo, aka kuma daɗe ana sha ba fashi, amma faɗuwar ba ta tsaya ba.

Mai karatu ya auna wannan ƙa'ida da abin da muke yi a gida. Uba ya kai yaro ƙaramin asibiti, an rubuta masa ordonans na wata ɗaya, ya saya, yaro ya sha, faɗuwa ta tsaya. Da ƙwaya ta ƙare sai a ce alhamdu lillahi ya warke. Bayan sati biyu abin ya dawo, wani lokaci ma fiye da da, sai a ce ai ga shi nan, na asibiti danne cuta kawai yake yi. Alhali kuwa maganin farfaɗiya ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a huta. Shekaru ake yi ana sha, kuma likita ba ya tunanin rage shi sai an yi aƙalla shekara biyu babu faɗuwa ko ɗaya, sannan a rage kaɗan-kaɗan cikin watanni. Gardénal musamman, yanke shi farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda takan kai ga rasa rai. Wannan yaro ba a ma gwada masa magani ɗaya yadda ya kamata ba, balle biyu.

Akwai kuma abin da iyaye ba su cika lura da shi ba, watau girman yaro. Ana auna maganin yara ne da nauyin jikinsu. Awon da ya ishi yaro yana aji ɗaya ba zai ishe shi ba yana aji biyar, amma sai ka ga ana ta sayen ƙwaya da tsohuwar takardar da ta yi shekara huɗu a aljihu har ta yage a kan ninki. Sannan ga matsalar ita kanta ƙwayar. Wani bincike da aka buga a 2018 ya tattara magungunan farfaɗiya daga Gabon da Kenya da Madagaska, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba su cika inganci ba. Karbamazefin, wadda ake sayarwa da suna Tégrétol, tana iya rasa sulusin ƙarfinta in ta sha laima. Ku tuna da wannan duk lokacin da kuka ga ƙwayoyi zube a kan tire ranar kasuwa, sun sha ranar bazara sun sha raɓar damina. Wanda ya saya a nan don ya rage dala goma ko ashirin, bai san abin da ya kai wa ɗansa ba. A farmasi ko a ma'ajiyar magani ta asibiti ake sayen wannan magani, a ajiye shi a busasshen wuri, nesa da murhu da randa.

Daɗin daɗawa, farfaɗiya ba iri ɗaya ba ce, maganin wata yakan tsananta wata. Akwai wadda yaro ba ya faɗuwa sam, sai dai ya yi tsai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar an ɗauke masa hankali, sau da yawa a rana guda. A aji akan ɗauka rashin kula ne har ya sha bulala a banza. Irin wannan in aka ba shi Tégrétol abin na iya ƙaruwa. Akwai kuma wanda faɗuwarsa ba farfaɗiya ba ce tun asali, suma ce ta saukar jini ko ta yunwa, ko kuwa damuwa ce ta yi wa zuciya yawa har ta fito a jiki, kamar yadda akan gani a makarantun 'yan mata. Waɗannan ko an ɗura musu farmasi guda ba za su ji sauƙi ba.

Yanzu bari mu yi ɗan bulaguro zuwa Amurka, domin akwai wata cuta can da ba ta cikinmu, amma abin da likitocinta suka koya a kan jijjigar da ba ta jin magani zai amfane mu. A 1949 wasu likitocin yara biyu a birnin Niyu Yok, Conrad Riley da Richard Day, suka ba da labarin yara biyar masu wata lalura mai ban mamaki: suna kuka amma hawaye ba ya zuba, jininsu na hawa yana sauka ba ƙa'ida, suna gumi sharkaf, suna amai ba ƙaƙƙautawa. Har yau ana kiran cutar da sunan su biyun, watau ciwon Riley-Day. Cuta ce ta gado, kusan ba a samunta sai a cikin Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne, waɗanda ake kira Ashkenazi, inda kimanin mutum ɗaya cikin 30 ke ɗauke da ƙwayar halittarta ba tare da ya yi ciwo ba. Yadda ake gadonta daidai yake da yadda muke gadon sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. A 2001 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi, kuma tun daga lokacin gwajin jini kafin aure ko kafin haihuwa ya rage yawan sababbin masu ciwon matuƙa.

Abin da cutar ke lalatawa shi ne wani sashe na jijiyoyin jiki da za mu kira jijiyoyi masu cin gashin kansu, watau masu aiki ba da umarnin mutum ba. Babu wanda ke ce wa zuciyarsa ki buga, ko ya ce wa hanjinsa ka niƙa abinci, ko ya tuna wa kansa numfashi yana barci. Idan muka miƙe tsaye, waɗannan jijiyoyi ne ke matse hanyoyin jini nan take don kada jini ya zube ƙafafu ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Idan iska mai amfani ta yi ƙaranci a jini, su ne ke kai rahoto a ƙara numfashi. Ga mai ciwon Riley-Day, waɗannan 'yan saƙo ba su girma yadda ya kamata ba. Ba ya jin zafin wuta ko na rauni sosai, abinci kan kuskure hanya ya faɗa masa huhu, kuma ko iska ta ragu a jininsa jikinsa ba ya farga ya ƙara numfashi. Shi ya sa nutso a ruwa ko hawa jirgin sama ba tare da tanadin iska ba ke zame musu haɗari.

Irin waɗannan yara kan yi jijjiga, kuma a nan ne darasin yake. Sau da yawa tushen jijjigar ba a ƙwaƙwalwa yake ba. Yaro ya riƙe numfashi yana kuka har ya shiɗe, ko ciwon huhu ya rage masa iska, ko jini ya sauka ƙwarai, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko gumi da amai sun kwashe masa gishirin jini, sai ƙwaƙwalwa ta ruɗe ya kama jijjiga. Wanda bai san haka ba zai yi ta ƙara maganin farfaɗiya, daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku, ya ce ciwo ya ƙi ji, alhali an bar jaki ana dukan taiki. Abin ma kan fi haka muni, domin karbamazefin ita kanta tana rage gishirin jini, su kuwa magunguna irin su diyazefam, watau Valium, suna danne numfashi, ga shi dama numfashin yaron ba shi da mai gadi. Saboda haka likitocin da suka ƙware a kan ciwon, kamar na cibiyar da ke jami'ar Niyu Yok, kafin su taɓa awon maganin farfaɗiya sukan fara da tambayar me ya faru kafin jijjigar, su auna iska da gishiri da hawan jini, su gyara abin da ya karkace. Wani ruwa da gishiri yake bukata, wani na'urar taimakon numfashi da dare, wani kuma a sa masa bututun abinci kai-tsaye zuwa ciki don a kare huhunsa.

Mu dawo gida da wannan tambaya ta me ya faru kafin faɗuwar. Mu ma muna da abubuwan da ke tsokano ta, waɗanda ƙwaya ba za ta iya da su ba in ba a kawar da su ba. Rashin barci na gaba-gaba, kuma mun san yadda matasanmu ke kwana a hira ko a bakin tasha. Zazzaɓin cizon sauro na tayar da ita, shi ya sa wasu yaran suka fi faɗuwa da damina. Taramol kuwa, wanda ya zama ruwan dare tsakanin 'yan zemijan da masu aikin ƙarfi, shi kansa yana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba, musamman mai awo 225 ɗin nan da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Saurayin da ke haɗa Gardénal da dare da taramol da safe, yana ɗebo ruwa ne da kwando. Ga kuma yaranmu masu sikila, waɗanda jini kan toshe musu a ƙwaƙwalwa. In irin wannan yaro ya fara jijjiga, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, to asibiti za a nufa a ranar, ba ƙara masa ƙwaya a gida ba.

Sai batun azumi, wanda ya shafe mu kai-tsaye. Mai shan Gardénal sau ɗaya da dare ba shi da matsalar lokaci, amma mai shan magani sau biyu ko uku a rana ya je ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, a duba ko za a iya mai da shi sahur da buɗa-baki. In likita ya ce ba zai yiwu ba, malamanmu sun sani addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Haka nan ba mu ga inda addu'a ta yi karo da ƙwaya ba. Wanda za a yi hattara da shi shi ne duk mai ba da taimakon da zai gindaya sharaɗin sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci, domin ba shi ne zai kwana da yaron ba ranar da jijjiga ta ƙi tsayawa.

Akwai wani dalili kuma da binciken Kozah da na Tone suka nuna, wanda da yawanmu za su ce bai shafe mu ba. Wata tsutsa ce ta ciki, mai faɗi kamar igiyar zare, da ake samu daga naman alade da bai dahu ba. Wanda ya ci naman, tsutsar ce ke zama a hanjinsa. Amma ƙwayayenta suna fita ta bayan gida, su shiga ruwa, su hau ganye da hannu, kuma duk wanda ya haɗiye su suna iya ƙyanƙyashewa su tafi ƙwaƙwalwa su yi ƙulli, daga nan sai farfaɗiya. Ba sai mutum ya taɓa cin alade ba. A 1992 an ba da rahoton mutum huɗu a wata unguwar Yahudawa masu tsananin riƙon addini a Niyu Yok da suka kamu da wannan ƙulli, alhali su ma haramun ne a wurinsu kamar mu, kuma bincike ya karkata ga masu aikin gida da ke ɗauke da tsutsar. Ba muna faɗin haka ba ne don a ƙyamaci maƙwabta, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya muke shan rijiya ɗaya da su tun zamanin fataken goro. Abin da ake bukata shi ne salga da sabulu da wanke ganye, kuma babban mutum da farfaɗiya ta fara masa da rana tsaka ya nemi hoton ƙwaƙwalwa, watau sikana, domin in an ga ƙullin akwai maganinsa. Sai dai kada kowa ya sayi maganin tsutsa ya sha da kansa a kan wannan, don mutuwar tsutsar a ƙwaƙwalwa na kawo kumburi, dole sai likita na tsaye.

To ta yaya likita zai gane wanne ne daga cikin duk waɗannan, ga shi bai taɓa ganin faɗuwar da idonsa ba, ga layi a ƙofarsa? A nan ne iyali ke da aikin da babu mai yi musu. A sayi kaye ɗaya, irin na 'yan makaranta, a keɓe shi don wannan. Duk ranar da abin ya tashi a rubuta kwanan wata da lokaci, yana barci ne ko ido biyu, ya ci abinci ko bai ci ba, akwai zazzaɓi ko babu, ya sha ƙwayar jiya ko an manta, ta ina jijjigar ta fara, hannu ɗaya ne ko duk jiki, minti nawa ta yi, kuma in mace ce ko tana kusa da al'adarta. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, in ya so a fassara ranar zuwa asibiti, ko ya sa ɗan makarantar gidan ya rubuta. Mai waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki bidiyo, bayan an tabbatar majinyaci na kwance a wuri mai aminci. Mun san abin da nauyi a ga uwa tana ɗaukar ɗanta a wannan hali, amma minti ɗaya na bidiyo ya fi wa likita bayanin awa guda, kuma ba a ce a tura wa kowa ba sai shi. Bayan wata uku, iyali da kansu sukan ga zaren abin a cikin kayen tun kafin likita ya faɗa.

In an yi duk wannan, an gwada magani biyu yadda ya kamata, faɗuwa ba ta tsaya ba, to lokaci ya yi da za a wuce ƙaramin asibiti. Daga Gando akan fara da Mango, ko babban asibitin jiha na Dapaong, mutanen tsakiya kuma na Sokode, daga nan a nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na Kara ko na Lome. Tafiya ce mai cin kuɗi, daga Dapaong zuwa Lome ya haura kilomita 600, amma in aka haɗa raguna da kaji da kuɗin mota da wasu gidaje suka kashe a yawon neman taimako, an biya ta sau uku. Can ne ake yin awon wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, a tantance irin farfaɗiyar, a haɗa magunguna biyu ko a canza zuwa wani, kamar Dépakine, ko lebetirasetam da ake sayarwa da suna Keppra, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin muhimman magunguna a 2023.

Bayan ƙwaya akwai wasu hanyoyi, ko da yake ba su kusa da hannunmu. Tun 1921 aka fito da wani tsarin abinci a asibitin Mayo na Amurka, mai yawan maiƙo da ƙarancin hatsi da sukari, wanda ke rage faɗuwa ga wasu yara. A gidan da tuwo da koko da doya ne abinci, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba a yinsa sai da awo da sa idon ƙwararre. Akwai kuma tiyata, in an gano tabo guda a ƙwaƙwalwa da faɗuwar ke tasowa daga gare shi. A wani gwaji da aka yi a Kanada aka buga a 2001, cikin majinyata 80, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun shekara ba su yi faɗuwar da ke gusar da hankali ba, na masu magani kaɗai kuwa kashi 8 ne.

Ko da faɗuwa ba ta tsaya ɗungurungum ba, ragewa daga sau goma a wata zuwa sau ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma yawancin abin da ke nakasa masu farfaɗiya a wajenmu ba ita kanta jijjigar ba ce, wurin da ta same su ne: murhu, da rijiya, da kogin Oti, da kan babur ko kan itace. Kada a bar su su yi girki ko ɗiban ruwa ko wanka a rafi su kaɗai. Idan abin ya tashi, a janye wuta da abin da zai ji masa rauni, a sa masa tsumma ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe ɗaya don yawu ya zuba. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa, kuma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo sai ya farfaɗo sarai, don huhu za su tafi. Yawunsa ba ya sa wa kowa cuta, wanda ya gudu ya bar shi kusa da wuta ya gudu ne a banza. A duba agogo: in jijjiga ta wuce minti 5, ko wata ta biyo wata bai farka ba a tsakani, to a ɗauke shi sai asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Ba za mu rufe ba sai mun ce wani abu a kan 'ya'yanmu mata, domin su ne abin ya fi cutarwa. Akan ɓoye lalurar yarinya don kada ta rasa miji, a kai ta ɗakinta ba tare da ƙwaya ba don kada asiri ya tonu, sai ta faɗi a gidan miji cikin watan farko, ga ciwo ga saki. Gara a faɗa wa mijin gaskiya tun ana neman aure, a je wajen likita tare. Akwai dalili na biyu ma da ya sa zuwan ya zama dole: Dépakine na cutar da ɗan tayi, kimanin jariri ɗaya cikin goma da aka yi cikinsu uwa na shan sa kan zo da nakasa, saboda haka akan so a canza wa mace shi tun kafin ta ɗauki ciki. Amma wadda ta riga ta sami ciki kada ta ajiye magani da kanta, ta garzaya a duba ta, domin faɗuwa da ciki haɗari ne gare su su biyu. Gardénal da Tégrétol kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, sai a gaya wa ungozoma irin maganin da ake sha kafin ta zaɓa.

Mai shirin tafiya Kara ko Lome ya haɗa kayensa da bidiyon, da duk tsofaffin ordonans, da kwalayen magungunan da aka taɓa sha ko da babu komai a ciki, da ƙwayar da za ta ishe shi kwanakin tafiya da na jiran layi. Ya kuma tafi da mutumin da ya fi ganin faɗuwar da idonsa, wanda galibi uwa ce, ba kawun da ya fi jin Faransanci kaɗai ba.